KAFIN A HAƘA HARSASHI: ABUBUWAN DA MAI SABON FILI A KAFANCHAN YA KAMATA YA KAMMALA

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kafanchan a ƙarshen shekarun 1920, ta mai da shi mararrabar da ta haɗa Fatakwal da Kaduna da Jos, garin ya zama wurin da baƙo kan zo neman abinci ya ƙare da gina gida. A yau ma'aikatan reshen Jami'ar Jihar Kaduna, da malaman Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da fataken citta daga Kachia da Kwoi duk suna cikin masu neman filaye a garin da kewayensa. Sai dai da yawa daga cikinsu kan ɗauka cewa da zarar an biya kuɗi, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, magana ta ƙare. A idon doka kuwa, a lokacin ne ma aka fara.

Dalili shi ne Dokar Amfani da Ƙasa, wato dokar soja mai lamba 6 ta ranar 29 ga Maris, 1978, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya. Dokar ta ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Saboda haka abin da mutum yake saye ba ƙasar ba ce, haƙƙin zama ne a kanta, wanda galibi shekara 99 ne ga gidan zama. Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashin gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izininsu. Sashe na 22 ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da izinin jiha, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1989 a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda jinginar da aka yi wa banki ta rushe don ba a nemi wannan amincewa ba.

Matakin farko ke nan shi ne a san ko wane ne ainihin mai filin. A kudancin Kaduna yawancin gonakin da ake yankawa fuloti-fuloti na gado ne, na dangi baki ɗaya. A dokar gargajiya da kotuna ke aiki da ita, idan wani ɗan dangi ya sayar ba tare da shugaban gidan ba, cinikin banza ne. Idan kuma shugaban ya sayar bai shawarci manyan dangi ba, suna iya zuwa kotu su warware. Haka nan a gidajen Musulmi, filin da ba a raba gadonsa ba, babu magajin da zai sayar shi kaɗai. Ya kamata mai saye ya nemi sa hannun duk masu haƙƙi, ya tuntuɓi maƙwabtan iyaka, ya kuma tabbatar da dagaci ko hakimin da yankin yake ƙarƙashinsa, domin a kewayen Kafanchan masarautar Jama'a da ta Fantswam da ta Kagoro suna maƙwabtaka da juna. Maganar ƙasa a wannan shiyya ba abin wasa ba ce: rikicin Zangon Kataf na 1992 ya samo asali ne daga gardama kan wurin da za a mayar da kasuwa.

Mataki na biyu shi ne bincike a hukumar KADGIS, wadda gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa a 2015 domin riƙe rajistar filayen jihar. A nan ne za a gane ko an taɓa bai wa wani filin, ko yana jingine a banki, ko kuma ya faɗa cikin wurin da gwamnati ta keɓe. Wannan yana da muhimmanci a garin da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya take da filaye a gefen dogo. Bayan haka sai a ɗauki safiyo mai rajista ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da taswira. Lauya kuma ya rubuta takardar mayar da haƙƙi, a biya kuɗin hatimi, a yi mata rajista, sannan a nemi takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O. Takardar wakilci da wasu dillalai kan miƙa a madadin wannan ba ta mayar da mallaka, kamar yadda Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara a 1993.

Na uku shi ne izinin gini. Mallakar fili daban, damar ɗora bulo a kansa daban. Hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ita ke duba zanen gini ta amince kafin a fara aiki, tana lura da tazarar da aka bari daga titi, da magudanar ruwa, da manyan wayoyin lantarki. Rushe-rushen da hukumar ta yi a Kaduna da Zariya tsakanin 2015 da 2023 sun isa darasi ga duk mai ganin wannan ɓata lokaci ne.

Ta fuskar aikin kansa, damina a kudancin Kaduna ta fi ta Kano ko Katsina tsawo da nauyi, takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba. Mai hikima kan je ya ga filinsa a watan Agusta, lokacin da fadama ba ta iya ɓoye kanta, ya haƙa harsashi da rani, ya yi ƙoƙarin sa kwano kafin ruwan farko. Ƙasa mai laka da gangaren da ke gindin duwatsun Kagoro suna buƙatar injiniya ya duba kafin birkila ya ja igiya. Ya kamata kuma a tanadi ruwan aiki, a yi feshin maganin gara, a nisanta rijiya da ramin masai, a rubuta yarjejeniya da ɗan kwangila wadda za ta raba biya mataki-mataki: harsashi, linta, rufi.

Abin da ke ingiza mutane su tsallake takardu shi ne tsoron tsada. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, buhun siminti ya haura Naira 10,000 a sassan ƙasar da dama a farkon 2024, sai kowa ya ga gara ya zuba kuɗinsa a bulo tun kafin farashi ya sake tashi. Amma lissafin bai cika ba. Kuɗin lauya da safiyo da izini kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin ginin baki ɗaya, alhali su ne ke kare shi. Ba tare da ingantacciyar takarda ba, banki ba ya karɓar gida jingina, mai gidan ba zai ci moriyar Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 ba, kuma idan gwamnati ta karɓi wurin don amfanin jama'a, neman diyya kan zama wahala. Ga ɗan kasuwa, irin wannan gida jari ne da aka binne, ba ya jawo rance, ba ya yin daraja a wurin mai saye mai lura.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Watannin da mai fili zai yi yana bin takardu ba su kai shekarun da shari'ar fili kan ci a kotu ba.