Hita a lokacin hunturu: ina ainihin matsalar take?

Daga Disamba zuwa Janairu, idan iskar hunturu ta keto kwarin Tarka ta sauka Dakoro, wankan asuba da ruwan randa sai mai ƙarfin hali. Itace ya yi tsada, gawayi ma haka. Shi ya sa gidajen da ke da wutar NIGELEC suke komawa ga hita, galibi 'yar ƙaramar nan mai murɗaɗɗen ƙarfe da ake tsomawa a bokiti, domin babbar mai tanki da ake kafawa a bango ba kowane gida ke da ita ba. Da ta fara gardama kuwa, sai a ce jabu ce. Sau da yawa ba laifinta ba ne.

A ɗauki ƙorafin da aka fi yi, wai ruwa ya ƙi zafi. Hita mai wat 1500 a kan wuta mai bolt 220 tana ɗaga lita 20 daga digiri 20 zuwa 40 cikin kusan minti 19. Idan wutar ta yi rauni ta sauka zuwa bolt 180, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin hitar ya tafi, aikin sai ya kai minti 28. Ana iya ganewa tun ba a kira mai gyara ba: ƙwan lantarki ya dusashe, fanka tana jan jiki. A nan mutane kan ce "kuran ba shi da ƙarfi", kuma gaskiyarsu. Ƙarfin wutar da samuwarta ba a hannun mai gida suke ba. Wanda ya ga yadda aka sha duhu a Nijar bayan Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023 ya san haka.

Wani lokaci kuma ruwan ne. Idan na rijiya ko na burtsatse yana da gishirin ƙasa, zafi kan sa ya daskare a jikin ƙarfen, ya zama farin ɓawo mai kauri. Ɓawon yana tare zafin, ruwa ya daɗe bai ɗumama ba, ƙarfen kuma yana gasuwa daga ciki har ya tsage. A cire hitar daga wuta, a jiƙa ƙarfen cikin ruwan lemun tsami na 'yan sa'o'i, a goge da soso. Kada a kankare da wuƙa.

Soket da ya yi baƙi ko yake warin roba zance ne na waya. Hitar nan tana jan kusan amfiya 7, siririyar wayar caji da rediyo ba za ta ɗauka ba. Kunna hitar a bushe kuma, ko barin rabin ƙarfen a waje, yana ƙone ta cikin ɗan lokaci kaɗan.

Masu tanki suna da tasu damuwar. Ɗigon ruwa daga bawul ɗin kariya yayin da tankin ke zafi daidai ne, ruwa ne ke faɗaɗa. Wanda ya toshe shi don kada ƙasa ta jiƙe ya mai da tankin abin da zai iya fashewa. A bar ma'aunin zafi wajen digiri 60, domin ruwa mai ɗumi-ɗumi ne ƙwayar cutar Lejiyonela ke so, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Idan an ɗauke ruwan famfo, a kashe hitar har tankin ya sake cika.

Abin da ba shi da sassauci shi ne jan wuta. Wasu sukan ce "tana ɗan ja, amma ba sosai ba", su ci gaba da amfani da ita. Jan nan alama ce ƙarfen ya tsage, wuta tana shiga ruwa. A banɗaki mai jiƙaƙƙen siminti, ƙafa ba takalmi, wannan kaɗan ɗin ya isa ya tsayar da zuciya. Mai tanki ya sa ƙwararre ya haɗa masa wayar ƙasa da na'urar da ke katse wuta da zarar yoyo ya kai miliamfiya 30. Mai ta bokiti kuwa ya zare filogi kafin ya sa hannu a ruwa, ya kuma hana yara zuwa wurin. Hitar da ta taɓa jan mutum ko sau ɗaya, a yanke wayarta a jefar da ita, kada a ba maƙwabci.