DRACULA A IDON MAI KARATU BAHAUSHE

Daga Titin Ibrahim Taiwo zuwa Kasuwar Sabon Gari, ɗalibai da ma'aikata sun saba tsayawa wurin masu kasa tsofaffin littattafan Turanci. Cikin irin littattafan da ke jan hankalinsu har da na ban tsoro, waɗanda uban tafiyarsu shi ne Dracula, wanda Bram Stoker, mutumin ƙasar Ailan, ya wallafa a 1897.

Labarin wani saurayin ma'aikacin lauya ne, Jonathan Harker, wanda aka aika Taransilbaniya domin ya kammala wa wani basarake cinikin gida a Landan. Ashe mai masaukin nasa gawa ce mai tashi da dare tana shan jinin mutane. Ba a ganinsa cikin madubi, kuma ba ya ƙaunar tafarnuwa. Daga baya ya ƙetara Ingila da akwatuna 50 cike da ƙasar kushewa.

Ra'ayin masu karatu a kansa ya rabu biyu. Wasu na ganin tatsuniya ce ta baƙi wadda ba ta koyar da kome, sai dai ta hana yaro barci. Wasu kuwa na ganin ba baƙon abu ba ne, gama Bahaushe ya san maye tun kaka da kakanni. Bambancin shi ne Dracula jini yake sha, maye kuwa kurwa yake kamawa, kuma akan ce ba ya sakinta sai an sa shi ya tsallake maras lafiyar. Har ila yau, aljanu sun shiga littattafanmu tun 1934, cikin Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Wannan gardama ba ta wasa ba ce a Kano, inda a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone waɗansu littattafan hikaya na Hausa, bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

Amma wanda ya karanta Dracula da natsuwa zai tarar ba ƙarfi ne ya kayar da dodon ba. Mutanen da ya addaba sun tattara wasiƙunsu da littattafan ajiyar labarinsu na kullum, suka jera su bisa kwanan wata, har suka gano inda yake ɓuya. Watau adana rubutu da haɗin kai su ne makaminsu. Lalle wannan darasi ne ga ɗalibi, haka kuma ga magatakarda.