Sankarar Fata ta Melanoma: Rawar da Garkuwar Jiki ke Takawa Wajen Ceton Rai

A watan Agustan 2015, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sanar cewa sankarar fata ta melanoma ta kai ga hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Yana da shekara 90 a lokacin, kuma mutane da dama sun ɗauka bankwana yake yi. Bayan tiyata da gashi da wata allura mai suna Keytruda, kafin ƙarshen shekarar likitoci suka daina ganin alamar cutar. Sai a Disambar 2024 ya mutu, yana da shekara 100.

Abin mamaki, allurar ba ta kashe sankara da kanta. Garkuwar jiki tana da ƙwayoyin da ke farautar duk abin da ya lalace, amma suna da wani irin birki da ke hana su far wa lafiyayyen nama. Wannan birkin sankara ke dannewa ta ci karenta babu babbaka. Aikin maganin shi ne ya saki birkin. Gano haka ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018.

Ko a ɗakin gwaji likitoci kan duba wannan faɗan: idan ƙwayoyin garkuwa sun cika tsokar da aka yanko, akan fi sa ran sauƙi. Masu raunin garkuwa kuwa, kamar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, haɗarinsu ya fi yawa.

To amma akwai sauran rina a kaba. Ba kowa maganin ke karɓa ba, ga ɗan karen tsada, kuma garkuwar da aka saki kan iya juyawa kan hanji, huhu ko hanta. Sannan nau'in da ya fi kama baƙar fata, wanda ke fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, bai cika jin wannan magani kamar na masu farar fata ba. Shi ya kashe mawaƙi Bob Marley a 1981 yana ɗan shekara 36, daga wani tabo a babban yatsan ƙafarsa.

Don haka a wajenmu, ganowa da wuri ita ce babbar dama, domin tiyata kaɗai kan isa idan cutar ba ta yi nisa ba. In ka zo wanke ƙafa wajen alwala, ka leƙa tafinta. Baƙin tabon da ke faɗi, ko canza launi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada ka ce kaushi ne kawai. Kai shi gaban likita.