Idan boila ta tsaya a tsakiyar hunturun Birtaniya

A mafi yawan gidajen Birtaniya, akwati guda ne da ke rataye a bangon kicin yake riƙe da ɗumin gida da ruwan wanka. Boila kenan. Tana ƙona iskar gas ta zafafa ruwa, wani ɗan inji a cikinta ya tura ruwan ta bututu zuwa faifan ƙarfen da ke manne a bangon kowane ɗaki. Aikin faifan ɗaya ne da na lagireton mota: ruwa ya shigo da zafi, ya sake shi, ya koma. Ɗalibanmu da ma'aikatan jinya da suka tafi can daga Kano ko Zariya ba su cika lura da ita ba sai ranar da ta tsaya a watan Janairu. Abin da ke damuna biyu ne: wani zai kwana cikin bargo uku yana jiran mai gyara a kan abin da minti biyar zai warware, wani kuma zai ɗauki sukudireba ya buɗe abin da ke iya hallaka shi da iyalinsa.

Tambayar farko ita ce, me ya ɗauke? Ɗumin ɗakuna, ruwan zafi, ko dukansu? Amsar nan kaɗai ta raba aikin gida biyu.

Idan duka ne, a fara da abin da ake rainawa. Akwai wuta a allon boilar? Kuɗin mitar gas bai ƙare ba, ga masu sayen kati? Kunna murhun girki zai nuna ko gas na zuwa. Batirin na'urar daidaita zafi da ke bango ma yakan mutu, boila ta zauna lafiyarta ƙalau tana jiran umarnin da ba zai zo ba. Daga nan sai agogon matsin ruwa da ke gabanta. Idan bututun sun huce, allurar ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Da ta faɗi ƙasa sosai, boila kan ƙi tashi don kada ta ƙone kanta, ta nuna lamba a allo: F22 a Vaillant, F1 a Ideal Logic, E119 a Baxi. A ƙarƙashinta galibi akwai ɗan gajeren tiyo mai saƙar azurfa da makunni ɗaya ko biyu. A buɗe a hankali, za a ji ruwa na shiga, ido na kan allura, da ta kai wajen 1.5 a rufe gam. Littafin boilar ya nuna wurin, kuma wannan aiki ne da aka yarda mai gida ya yi.

Sai dai wanda ke ƙara ruwa kowane mako ya san akwai inda yake zuba. Ko dai wani gaɓin bututu na yoyo, ko kuma ɗan tankin da ke shanye kumburin ruwa idan ya yi zafi ya rasa iskarsa. Alamar na biyun a fili take: da an kunna ɗumi allura ta haura zuwa 3, bawul ɗin kariya ya buɗe, ruwa ya riƙa ɗiga daga wani siririn bututun tagulla a bayan gida, da safe matsi ya koma ƙasa. Yawan ƙara sabon ruwa ba magani ba ne, yana shigo da iska ne ya kuma tsinka maganin hana tsatsa da ke cikin bututun.

Akwai matsalar da sanyi kansa ke haifarwa. Tun 2005 doka a Ingila da Wales ta ce kusan duk sabuwar boilar gas ta zama irin wadda ke tatse zafin hayaƙinta kafin ya fita. Hakan na rage shan gas, amma tururin da ke cikin hayaƙin yana komawa ruwa, ya fita ta wani farin bututun roba zuwa magudana. Inda bututun ya bi ta waje, ruwan na daskarewa, ya toshe, boila ta yi ta ƙugi kamar mai kuskurar baki sannan ta kashe kanta. A tsananin sanyin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 gidaje masu ɗimbin yawa sun rasa ɗumi ta wannan hanya. Maganin buta ce ta ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba don kada robar ta tsage, a kwarara a gwiwar bututun da bakinsa, sannan a danna maɓallin sake tayarwa. A kula da ruwan da ya zuba a ƙasa, shi ma ƙanƙara zai zama.

In kuwa tsakanin ɗumin ɗakuna da ruwan zafi ɗaya na aiki ɗaya ba ya yi, to wutar boila lafiya take, hanyar ruwa ce ta sami cikas. A boilar da ke dafa ruwan wanka nan take ba tare da tanki ba, akwai bawul mai karkatar da ruwa. Da an buɗe famfon zafi, sai ya rufe hanyar ɗakuna ya juya zafin duka zuwa ruwan famfo. Idan ya tsufa yakan maƙale a tsakiya. Nan ne za a ji ruwan shawa ya ƙi wuce ɗumi-ɗumi, lagireton ɗaki kuma na ɗaukar zafi alhali an kashe ɗumi. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe ɗumi, a bar bututu su huce, a buɗe famfon zafi, a taɓa bututun da ke fita zuwa ɗakuna. In ya yi zafi, an kama mai laifi. Gidajen da ke da tankin ruwan zafi a kabad kuwa, bawul ɗinsu mai mota yana kusa da tankin, kuma yawanci akwai hitar lantarki a jikin tankin da za ta ba da ruwan wanka kafin mai gyara ya iso.

Lagireto ma hannu ke karanta shi. Sama sanyi ƙasa zafi, iska ce ta taru. A kashe ɗumi, a sa ɗan makullinsa a kusurwar sama, a riƙe tsumma, iska ta fita da huci, da ruwa ya biyo a ɗaure, a sake duba matsi. Ƙasa sanyi sama zafi, baƙar lakar tsatsa ce ta kwanta, sai an wanke. Guda ɗaya ya yi sanyi gaba ɗaya bayan bazara, sau da yawa ɗan tsinken da ke ƙarƙashin murfin makunninsa ne ya maƙale.

Iyakar hannun mai gida murfin boila. A doka, wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009, shi ne zai karɓi aikin gas, kuma yana da katin shaida da bayansa ya lissafa irin aikin da aka amince masa. A nemi gani, ko da ɗan gari ne aka turo don sauƙin kuɗi. Boilar da ba ta ƙona gas daidai tana fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari ko launi, ita ce dai wadda ke kashe iyalai a gida Najeriya idan an kwana da janareta a ɗaki. Harshen wuta rawaya maimakon shuɗi, baƙin toka a jikin boila, ciwon kai da jiri da ke sauƙi idan an fita waje, duk dalilai ne na kashe ta, a buɗe tagogi, a fita. Lambar gaggawa ta gas a Ingila da Wales da Scotland ita ce 0800 111 999, ita ake kira idan an ji warin gas ma, kuma kada a taɓa makunnin lantarki.

Ɗan haya ya sani cewa a Ingila wata dokar 1985 ta ɗora gyaran ɗumi da ruwan zafi a kan mai gidan haya, wata dokar daban kuma ta ɗora masa binciken gas na kowace shekara, kuma tun 1 ga Oktoba 2022 wajibi ne a Ingila ya sa ƙararrawar kabon monoksayid a ɗakin da boila take. A sanar da shi a rubuce, da sunan boilar, da lambar da ke allo, da inda allura ta tsaya, da abin da ke aiki da wanda ba ya yi. Idan akwai jariri ko tsoho a gidan, a faɗa a layin farko.