Ba kasuwa ce ta ɓata tsohuwar Alƙahira ba

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutanenmu masu zuwa Masar, ɗalibai ne ko fatake ko masu rakiyar marar lafiya. Idan aka kai mutum tsohuwar Alƙahira, ya ratsa lungunan Khan Khalili ya faɗa Titin Mu'izz, yakan koma masauki yana cewa wurin yana da kyau amma an ɓata shi. Masallatai masu shekara ɗari bakwai, a cewarsa, an kewaye su da masu tallar fitilu da turare da zobba, ga masu shayi sun baza kujeru har bakin ƙofa, ga kiɗa, ga hayaƙin shisha. Da gwamnati za ta kwashe 'yan kasuwar nan ta kai su wani fili, ta bar gine-ginen su sarara, da tarihi ya samu mutuncinsa.

Masu wannan ra'ayi ba su faɗe shi don raini ba. Da yawansu masu ilimi ne, kishin wurin ne ya sa su magana, kuma abin da idonsu ya gani gaskiya ne. Akwai cunkoso. Akwai masu jan hannun baƙo, akwai wanda zai faɗa maka kuɗin kaya ninki uku don ya ji harshenka ba na gari ba ne, kuma kaya da yawa da ake sayarwa da sunan aikin hannun Masar daga masana'antun ƙasashen waje aka shigo da su. Ban musa ko ɗaya ba. Inda na saɓa da su shi ne zaton cewa kasuwa baƙuwa ce da ta zo daga baya ta mamaye wuri mai alfarma. Da yawa daga gine-ginen da suke tausayi, kuɗin haya na shaguna ne ya riƙe su tun ranar da aka buɗe ƙofofinsu, kuma waɗanda suka gina su haka suka tsara da gangan.

An kafa Alƙahira a shekarar 969, lokacin da Jauhar, kwamandan halifan Faɗimiyyawa Al-Mu'izz, ya ci Masar. A farko birni ne na sarauta, na halifa da fadawansa da sojojinsa, talakawa da fatake suna can kudu a Fusɗaɗ. Bayan da Salahuddin ya kawo ƙarshen daular a 1171, jama'a suka kwararo ciki, babban titin da ya tashi daga Bab al-Futuh a arewa zuwa Bab Zuwaila a kudu, tafiyar kusan kilomita ɗaya, ya zama jijiyar ciniki ta ƙasar duka. Al-Maƙrizi, masanin tarihin da ya rasu a 1442, ya ruwaito cewa a zamanin bunƙasarsa titin da abin da ya biyo shi suna ɗauke da shaguna 12,000. Manyan makarantu da kusheyin sarakunan da muke zuwa kallo yau, na Ƙalawun da na Nasir Muhammad da na Barƙuƙ, an gina su ne bayan titin ya riga ya cika da masu saye da sayarwa. Waɗannan sarakuna na Mamluk sun zaɓi wannan wuri ne saboda nan jama'a take, nan za a ga aikinsu a yi musu addu'a.

Wanda yake son hujjar da zai taɓa da hannu, ya fita ta Bab Zuwaila ya tsallaka titi. Zai tarar da masallacin Salih Ɗala'i, wanda wazirin Faɗimiyyawa Ɗala'i ɗan Ruzzik ya gina a 1160. An ɗaga masallacin sama, aka jera shaguna a ƙarƙashinsa, kuɗin hayarsu kuwa shi ne na man fitila da tabarmi da gyaran rufi da albashin liman da ladan. A yau shagunan sun koma ƙasa da titi, domin ƙasar birnin ta yi ta tudu cikin ƙarnuka, sai ka leƙa kamar mai duba rami kafin ka gan su. Amma suna nan, kuma tare da masallacin aka aza tubalinsu. Wanda ya ce a raba masallacin nan da ciniki, da magininsa yake jayayya.

Wannan shi ne tsarin waƙafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu suka fi kiransa, kuma a kansa tsohuwar Alƙahira ta tsaya. Sarki ko attajiri ba ya gina makaranta ya juya baya. Sai ya haɗa ta da kadarar da za ta ciyar da ita, gonaki a karkara ko shaguna da gidajen haya da gidajen wanka a cikin gari, a rubuta takarda a gaban alƙali a fayyace abin da malami zai samu, da na ɗalibi, da na mai shara. Asibitin Sarki Ƙalawun, wanda aka gina tsakanin 1284 da 1285 tare da makaranta da hubbarensa, a zamaninsa yana karɓar mai kuɗi da matalauci, namiji da mace, ba a karɓar komai a hannunsu, kuma kadarorin waƙafi ne ke biyan likita da magani da abinci. Har yanzu akwai asibitin ido a harabar. Ɗan gaba kaɗan, inda titin ya rabu biyu, ga ginin da Abdurrahman Katkhuda ya yi a 1744: a da, ƙasa wurin shan ruwa kyauta ga duk mai wucewa, sama makarantar allo ta marayu. A wancan zamani ruwan daga Nilu ake ɗauko shi a salka, kuma wani ne ke biyan masu ɗaukowa. Mai sayar da tagulla da ke bugun faranti a gefen ginin, wanda ƙarar gudumarsa ke damun mai ziyara, magajin waɗanda hayarsu ta riƙa biyan irin wannan hidima ne.

Sarki Ƙansuh al-Ghuri ya fito da abin fili ƙarara. Ya gina masallaci da makaranta a gefe ɗaya na titin, hubbare a ɗaya gefen, sannan a 1504 zuwa 1505 ya gina wakala a kusa da Azhar, wato masaukin fatake: ƙasa rumbunan ajiye kaya kewaye da tsakar gida, sama ɗakunan haya. A lokacin, ribar wakalar tana komawa ga hidimar masallacin. Shi ne kuma ya sake fasalin Khan Khalili a 1511, ya yi masa ƙofofin dutse waɗanda wasunsu ke tsaye har yau. A da, a irin waɗannan masaukai fatake da alhazan ƙasashenmu suke sauka a hanyarsu ta Makka. Mansa Musa na Mali ya yada zango a Alƙahira a 1324, zinariyar da ayarinsa ya kashe ta karya farashinta a kasuwannin birnin, kuma a Azhar an taɓa keɓe wa ɗaliban Barno wani ɓangare. Mai zuwa daga Kano ko Damagaram, idan yana taya kaya a lungunan nan, sawun magabata yake bi.

Akwai wuri ɗaya da masu wancan ra'ayi za su iya kama ni, kuma gara in faɗa da bakina. Filin da Khan Khalili yake a kai maƙabartar halifofin Faɗimiyyawa ce. Jaharkas al-Khalili, mai kula da bargar Sarki Barƙuƙ, shi ya tone ta a shekarun 1380, ya kwashe ƙasusuwan ya zubar a wajen gari, ya gina masaukin da ya ɗauki sunansa. Wannan aiki ne marar kyau, kuma babu ribar da za ta wanke shi. Amma abin lura, mai iko ne ya yi shi da ƙarfin sarauta da ƙiyayyar daular da ta shuɗe. Ƙananan masu shaguna ba su rushe komai ba.

Sai batun nishaɗi, wanda shi ya fi ɓata wa wasu rai. Suna ganin zaman shayi da kiɗa da kallon wasa sabon abu ne da aka ƙirƙiro don Turawa masu yawon buɗe ido. Al-Maƙrizi dai ya bayyana yadda filin Bainal Ƙasraini, daidai gaban ginin Ƙalawun, yake cika da yamma da masu sayar da abinci da masu ba da labaran jarumai da masu waƙe da masu wasanni, jama'a sun yi da'ira suna saurare. Wannan fiye da shekara ɗari biyar ke nan. Gidan shayin Fishawi, mai manyan madubai a wani matsattsen lungu na Khan Khalili, ya haura shekara ɗari biyu yana dafa shayi da na'ana'a. Najib Mahfuz, wanda aka haifa a unguwar Jamaliyya a 1911 ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1988, ya zauna a can, kuma sunayen lungunan nan ya sa wa wasu littattafansa, har da Khan Khalili da Bainal Ƙasraini. Wanda ya je dandalin masallacin Husaini a daren azumi zai ga waɗanda suka cika shi mutanen Masar ne, magidanta da matansu da 'ya'yansu, sun sha ruwa sun yi asham suna jiran sahur. Raye-rayen tannura da ake nunawa a gine-ginen Al-Ghuri, masu juyi da faffaɗan siket mai launi, 'yan gari suna layin shiga kamar yadda baƙi suke yi. Mutum yana iya ƙin shisha, ni ma ba na sonta, yana iya kauce wa kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, wannan haƙƙinsa ne. Abin da ba zai iya cewa ba shi ne wai unguwar ta taɓa zama shiru kafin zamaninmu.

Wasu malamai sukan kawo hadisin da ya fifita masallatai ya kuma nuna kasuwa wuri ce da ba a so, saboda rantsuwar ƙarya da algus da gafala da ke yawa a cikinta. Hadisin ingantacce ne, kuma malaman Alƙahira na da sun san shi sarai. Abin da suka fahimta daga gare shi shi ne kasuwa tana buƙatar mai tsawatarwa. Shi ya sa aka naɗa muhtasibi, mai duba mudu da sikeli, mai hana cin hanya da rumfa, mai hukunta mai algus. Al-Maƙrizi da kansa ya riƙe wannan muƙami a Alƙahira. Duk koke-koken da mai ziyara ke yi a yau, na tsawwala farashi da jan riga da jabun kaya da kujerun da suka toshe ƙofar masallaci, aikin muhtasibi ne. Maganinsu doka ce da mai aiwatar da ita, kuma ina goyon bayan a tsananta.

Idan ana neman abin da ya fi cutar da gine-ginen, a duba ƙasa. Ruwan da ke tsatsafowa daga tsofaffin bututu da magudanai ya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa, gishirinsa yana hawa bango yana cin dutse. Girgizar ƙasa ta Oktoban 1992 ta tsattsaga hasumiyoyi da ƙubbobi da dama. Kafin wannan kuma, tun daga zamanin Muhammad Ali a ƙarni na 19, hukuma ta yi ta karɓe kadarorin waƙafi tana mayar da su ƙarƙashin kulawarta, har igiyar da ta ɗaure kowane masallaci da shagunansa ta tsinke, gyara ya koma jiran kasafin gwamnati. A ganina wannan yankewa ta fi kowace hayaniya illa, domin ginin da ba shi da kuɗin shigar kansa, ranar da rufinsa ya fara yoyo babu mai gaggawar hawa. Hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Babban gyaran da aka yi wa Titin Mu'izz, wanda aka buɗe a 2008, ya haɗa da sabunta magudanan ruwa da shimfiɗa dutse da taƙaita shigar motoci, kuma an bar shagunan a inda suke.

An kuma gwada hanyar da nake karewa, an ga amfaninta. A gabashin unguwar, Gidauniyar Aga Khan ta mayar da wani tsohon juji, wanda aka shafe ƙarnuka ana zuba masa shara, ya zama lambun Azhar da aka buɗe a 2005. A unguwar Darb al-Ahmar da ke jikinsa an gyara masallatai da ganuwar zamanin Ayyubawa, wato daular Salahuddin, aka kuma gyara gidajen mazauna, aka koya wa matasa sassaƙa da aikin dutse, aka ba masu sana'a ƙananan rance. An yi lissafin cewa mai zama a wuri, wanda abincinsa ke fitowa daga nan, shi zai fara ganin tsaga a bango.

Damuwata ta fi karkata ga masu sana'ar da ke ƙarewa. A kudu da Bab Zuwaila akwai Khayamiyya, rufaffiyar kasuwar da Ridwan Bey, amirul hajji na Masar, ya gina a ƙarni na 17. A nan maɗinka ke zaune a ƙananan shaguna suna yanka ƙyalle mai launi suna ɗora shi kan wani da allura, aikin da ake yi wa rumfunan biki da na zaman makoki. Yadin da inji ke bugawa da irin zanen ya karya musu kasuwa, domin ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'in. Haka maƙeran tagulla na kasuwar Nahhasin suke fama da kayan waje. Idan aka kwashe waɗannan mutane aka kai su bayan gari, kamar yadda ake ba da shawara, ba za su rayu a can ba, domin mai sayen aikinsu a nan yake samunsu. Ɗan'uwa mai zuwa Alƙahira da ke jin zafin halin da wurin yake ciki yana da abin yi da ya fi fatan a kore su: ya wuce layin farko na masu kayan tsaraba, ya shiga ciki inda ake aikin a gabansa, ya tambayi wanda ya yi, ya taya da mutunci, ya biya kuɗin aikin hannu.