Yadda Ido Biyu Ke Auna Nisa

1.0 Gabatarwa

A unguwar Zango ta birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin, ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, yakan kurɗa tsakanin motoci biyu ba tare da ya gogi ko ɗaya ba. Tela kuma yakan zura zare a kafar allura nan take. Dukansu biyu da auna nisa suka dogara. Wannan takarda za ta bayyana yadda ido ke wannan aiki, da yadda na'urori ke kwaikwayonsa.

2.0 Aikin Ido da Ƙwaƙwalwa

Hoton da ke faɗawa cikin kowane ido shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da zurfi. Sai dai tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kimanin santimita 6, don haka kowane ido ta kusurwarsa yake hango abu. Ɗalibi ya gwada: ya miƙe ɗan yatsa a gabansa, ya rufe idon hagu, sa'an nan ya buɗe shi ya rufe na dama. Zai ga yatsan ya yi tsalle. In ya matso da shi kusa da hanci, tsallen zai ƙaru. Wannan bambanci ne ƙwaƙwalwa ke aunawa: in ya yi yawa abin yana kusa, in ya ragu yana nesa.

3.0 Na'urori

A shekarar 1838 wani masani Baturen Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna na'ura mai madubai biyu wadda ke ba kowane ido nasa zanen. Mai kallo sai ya ga sura ɗaya mai zurfi. A kan wannan tushe aka gina sauran. Tabarau mai ja da shuɗi da launi yake raba hotunan biyu, na gidajen sinima kuwa, irin wanda aka kalli fim ɗin Avatar da shi a 2009, haske yake tacewa. An yi talabijin masu wannan fasaha, amma ba su karɓu ba. A 2017 Sony da LG suka daina ƙera su.

4.0 Kammalawa

Mai ido ɗaya ma yana auna nisa, ta lura da girman abu da inuwarsa da motsin kansa, amma aikin kusa yakan ba shi wuya. Yaron da idanunsa ba sa duban wuri ɗaya, wanda Hausawa ke kira harara-garke, ƙwaƙwalwarsa kan yi watsi da hoton ido guda. In ba a kai shi ga likitan ido tun yana ƙarami ba, yana iya rasa wannan baiwa har tsufa.