Wuƙar maƙera: daga risor ɗin kamyo zuwa faifan mai kuɓewa

Ana saura kwana 3 Sallar Layya ta bara muka aiki yaro da wuƙar gidanmu wajen wani mai injin wasa wuƙaƙe a bakin hanya. Wuƙa ce ƙirar maƙera, ta fi shekara 10 a hannunmu, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba. Yaro ya komo da ita tana walƙiya kamar sabuwa, sai dai wani ɗan shuɗi-shuɗi da ya bi bakinta, wanda ba mu kula da shi ba. Ranar Salla, tun ba a gama fiɗar rago ɗaya ba bakin wuƙa ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Sai aron ta maƙwabta muka yi, alhali su ma nasu ragon na kwance yana jira, ga itace an riga an jera, ga rana na yi.

Wannan abin kunya ne ya kai mu wata ƴar rumfar ƙira da ke kusa da kasuwar Dole a Damagaram, da niyyar mu yi minti 10 mu wuce. Ƙarshenta can muka yi azahar. Abin da muka gani kuwa ya shafi duk wanda wuƙa ke cikin jarinsa, tun daga mahauci da mai kilishi har mai yankan kuɓewa da mai tuyar awara, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku shi.

Rumfar ba ta wuce taki 4 ba kowane gefe. Kayan aikin ma ba su da yawa: uwar maƙera, wadda a nan wani guntun ƙarfen babbar mota ne aka kafa cikin kututture, sai masaba da guduma, da awartaki biyu, da magagari, da kaskon ruwa, da wata tsohuwar gwangwani cike da baƙin mai. Zuga-zugin fatar akuya da muka sani muna yara yana rataye jikin dirka, ƙura ta rufe shi. Yanzu ƙafar keke ce aka ɗaura wa bel, yaro na juya ta da hannu ɗaya, iska na bin bututu zuwa cikin gawayi. Maƙerin dattijo ne, yana zaune ƙasa, komi na inda hannunsa zai kai ba sai ya tashi ba. Ɗansa ne ke riƙe masaba in aiki ya yi nauyi, don ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Da muka miƙa masa wuƙarmu, bai tambaye mu komi ba. Ya juya ta, ya goga magagari a bakinta sau ɗaya, magagari ya ci ƙarfen kamar ana kankare sabulu. Nan ya gaya mana an ƙone ta, ruwan da aka ba ta ya fita. Muka ce, Baba, wane ruwa kuma? Amsar wannan tambaya ita ce ta cinye mana yinin.

Magana ta fara tun daga wajen zaɓen ƙarfe. A ido duk baƙin ƙarfe ɗaya ne, amma a wuta kowane da halinsa. Wanda maƙeran wuƙa suka fi nema shi ne risor, wato fallayen ƙarfen nan da ke ƙarƙashin kamyo ko tsohuwar mota mai ɗaukar kaya. Bayansa sai tsohon magagari da ya daina ci, da faifan garmar tarakta. Dalilin kuwa shi ne wani sinadari da ake kira karbon, irin wanda ke cikin gawayi. A risor yana kai wajen kashi 0,6 cikin 100, a magagari yana kai kashi 1 ko fiye. Rodin gini nasa bai kai rabin na risor ba galibi, don haka ko an ba shi ruwa ba ya yin tauri yadda ya kamata. Ana iya ƙera wuƙa mai kyan gani da rodi ko da guntun ƙarfen ƙofa, a goge ta ta yi haske, a sayar da ita araha ranar kasuwar ƙauye. Kwana biyu ta dakushe. Maƙeri ba ya bukatar awon likita kafin ya gane: in ya kara ƙarfe a dutsen inji, mai karbon da yawa tartsatsinsa fashewa yake yi kamar furen gawo, maras shi kuwa tartsatsin na tafiya miƙe ba reshe.

Mun tsaya mun ga an ƙera guda tun daga farko. Aka sa guntun risor a wuta har ya yi ja, aka datse tsawon da ake so da kurfi, aka shiga duka. Ana faɗaɗa shi, ana janyo bakin yana sirancewa, ana komar da shi wuta duk lokacin da jan ya fara dushewa. Dukan ƙarfen da ya huce na sa masa tsaga a ciki wadda ba a gani sai ran da ya karye. An komar da shi wuta ya fi sau 10 kafin siffar wuƙa ta fito, da ƴar wutsiyarta da za ta shiga ƙota. Daga nan aka bar ta ta huce a hankali, aka bi ta da magagari aka daidaita.

Sannan aka zo wajen ba ta ruwa, kuma a nan ne hira ta tsaya cak. Dattijon ya sa aka sauke wani tsohon buhu ya tare hasken rana, saboda launin ƙarfe yake karantawa, kuma cikin rana tsaka ido na ruɗuwa. Ana son wuƙar ta yi ja daidai tun daga tsini har gindi, irin jan garwashin da ya nuna. Masu ilimin ƙarfe na cewa zafin nan ya kai wajen digiri 800, kuma akwai alama mai sauƙi: daga wajen digiri 770 mayen ƙarfe ba ya kama shi. Wasu matasan maƙera na ajiye mayen ƙarfen tsohuwar rediyo don wannan gwaji, amma dattijon idonsa ya ishe shi. Da launin ya yi masa, sai ya tsoma bakin wuƙar cikin baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Ruwan sanyi ya fi mai saurin sanyaya ƙarfe, ya fi ba da tauri, amma yana yawan fasa risor, shi ya sa da yawa suka fi son mai.

Wuƙar da ta fito daga mai ta yi tauri har magagari na zamewa a kanta, sai dai gautsi gare ta kamar kwalba, in ta faɗi kan dutse tana iya karyewa. Don haka akwai sauran aiki. Ya goge gefenta ya yi fari, ya riƙa gittar da bayanta bisa garwashi a hankali, yana kallon launi na tafiya zuwa baki. Da bakin ya yi launin karan gero busasshe, wajen digiri 200 da ɗan wani abu ke nan, sai ya tsoma ta ruwa ya tsayar da zafin. In aka bari ya wuce ya koma shuɗi, wajen digiri 300, to taurin da wuƙa ke bukata ya ragu ƙwarai.

Ga inda tamu ta halaka ke nan. Dutsen injin kuran yana juyawa kusan sau 3.000 a minti ɗaya. Bakin wuƙa kuwa siriri ne, ba ya ɗaukar daƙiƙa nawa kafin ya yi zafin da ya wuce wancan. Mai wasa da ke gaggawa, ga layin mutane na jiransa daren Salla, sai ya danna wuƙa jikin dutse ba tsomawa a ruwa. Shuɗin nan da muka gani shi ne shaidar. Ba mu ce duk masu inji haka suke ba. Akwai waɗanda ke aje gwangwanin ruwa kusa, suna taɓawa kaɗan suna tsomawa, kuma aikinsu na kyau. Amma Hajiya, in za ki ba da wuƙarki, ki tsaya ki gani da idonki, kada ki aiki yaro irin yadda muka yi. In babu ruwa kusa da injin, ki karɓi abinki. In kuma tartsatsi na tashi kamar ana walda, ƙarfenki ne da kika saya da kuɗinki ke zubewa ƙasa. Wuƙar da ake kai wa inji kowane mako ba ta shekara biyu sai ta koma tsinke.

Wasa na gaskiya a rumfar nan bisa dutse ake yin shi, da ruwa. Dutse biyu ne, mai kaushi da mai laushi. Ana kwantar da wuƙa, a ɗaga bayanta kaɗan, misalin kaurin ɗan yatsa ga wuƙa mai faɗi, a riƙe hakan ba canji. Ana gogawa gefe ɗaya har in ka shafa ɗaya gefen da babban yatsa, daga baya zuwa baki, ka ji wani ɗan gashin ƙarfe ya taso tun daga gindi har tsini. Jin wannan gashin shi ne alamar cewa wasan ya kai baki. Sai a juya a yi wa ɗaya gefen haka, a koma dutse mai laushi, a ƙarasa da goga ta bisa fata don gashin ya fita. Mata da yawa na goga wuƙa a gindin turmi ko bakin siminti, ko su kara biyu da juna. Wannan na miƙar da bakin da ya kwanta, ya isa a gama aikin yini, amma ba ya maye gurbin dutse.

Kowace sana'a kuma da irin bakin da take so. Mai kilishi, irin na Madawa da Tasawa da nan Damagaram, yana son siririya mai tsananin kaifi wadda zai warware tsoka da ita kamar ana warware rawani, ba huda. Irin wannan in ta haɗu da ƙashi sai ta ɓalle. Mai sarar ƙashi kuwa adda ko gatari yake so, mai kaurin baki. Mai kuɓewa da mai yankan albasar Galmi ƙarama suke so, maras nauyi, wadda ba ta gajiyar da wuyan hannu daga safe zuwa la'asar. Wuƙar yanka doguwa ce, kuma ba a taɓa komi da ita sai yankan. Malamai na tunatarwa kowace shekara cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umurni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, kuma ba a wasa ta a gaban dabbar. Abin da ya fi ɓata wa maƙera rai shi ne a sayi wuƙar yankan nama a je ana buɗe gwangwanin tumatir da ita, sannan a komo a ce aikinsu ba shi da kyau.

To ina batun kuɗi? Tebura a kasuwa cike suke da wuƙaƙen waje, yawanci na ƙasar Sin, na farin ƙarfen nan da ake ce wa inoks, masu ƙotar roba. Gaskiya suna da nasu amfani: ba su tsatsa, ba su baƙanta albasa ko mangwaro, ga sauƙin wanki. Mai sayar da ƴaƴan itace tana da hujja in ta zaɓe su. Amma masu arahar cikinsu ƙarfensu laushi gare shi, kuma in ƙotar ta karye sai yarwa. A ce kin sayi ta dala 100 sau 4 a shekara, jikka 2 ke nan sun tafi, ban da kuɗin wasa. Ta maƙera in ƙotarta ta tsage, ana sassaƙa wata da itacen aduwa, a gasa wutsiyar a cusa, a sa zobe, ta koma aiki. Abin da take bukata kawai a share ta ta bushe bayan aiki, a shafa mata ɗan man gyaɗa, a sa ta kube. Dukawa ma na samun nasu a nan.

Tsofaffin ƴan kasuwa na tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, mutane suka koma wa maƙera. An sake ganin irin haka ta wata fuska a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke kuran da take ba Nijar har zuwa farkon 2024. Maraɗi da Damagaram na cikin garuruwan da ke shan wuta daga layin Katsina. Injinan wasa da dama suka yi shiru, dutse da ruwa kuwa ba su san an yi ba.

Sana'ar dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Masu binciken tarihi sun gano wuraren narka tama a duwatsun Termit da suka haura shekara 2.000. A Adar an ci gaba da narka tama har cikin ƙarni na 20, kafin ƙarfen mota ya yawaita ya kashe aikin. A nan Damagaram kuwa, zamanin Sarki Tanimun da ya rasu a 1884, har igwa aka ƙera a birni. Har gobe akwai sarautar Sarkin Maƙera a fadodinmu.

Abin da ke damunsu yau biyu ne. Na farko ƙarfe: masu sayen tsofaffin ƙarafa da kilo na riga su zuwa garaji, kuma su ba ruwansu da risor ne ko rodi, sikeli kawai suke kallo. Na biyu gawayi. Na ƙirya shi ne na ƙira, don yana da nauyi, yana riƙe zafi, ba ya saurin zama toka. Ƙirya kuwa ta yi nisa da gari, kuma tana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta hana a sare ba da izini ba. Gawayin dafa shayi da ake samu a buhu ninki ake ci kafin ƙarfe ya yi ja. Duk wannan cikin kuɗin wuƙa yake komawa, ga mai saye kuma na taya ta da farashin ta roba. A ganinmu, ƴan kasuwar da suka san zafin a taya musu kaya ƙasa da jari bai kamata su yi wa maƙeri haka ba.

Tamu wuƙar, dattijon ya fitar da ƙotarta, ya rage bakin da ya ƙone, ya sake ba ta ruwa, ya sa mata sabuwar ƙota. Ta ragu da kusan faɗin ɗan yatsa. Kafin ya miƙo mana sai da ya aske gashin damtsensa da ita muna kallo. Ya ce mu komo da ita tun watan Salla bai kama ba, don a kwanakin ƙarshe ko shi ba ya samun sukunin zama bisa dutse yadda yake so.